Yadda ake kiran talotalon daji a farautar bazara a Amurka, mataki-mataki

Jama'a tambayar nan ta yi yawa, musamman daga 'yan uwanmu da ke zaune nan Amurka da suka fara sha'awar shiga daji, wai ya ake kiran talotalon daji har ya taho gabanka da ƙafarsa, wane abin kira zan saya, yaushe zan kira yaushe zan kame bakina. To ga shi na zauna na jero muku tun daga shago har zuwa lokacin harbi. Maganar farautar bazara nake yi, daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu gwargwadon jihar da kake, lokacin da tsuntsayen ke barbara, namiji na ta gulu-gulu tun asuba yana neman mata.

Kafin mu shiga ka riƙe abu ɗaya, don duk sauran bayanin a kansa ya hau. A ɗabi'arsu namiji ne ke tsayawa wuri ɗaya ya yi kuka ya baza bindi yana taƙama, mace ce ke tahowa wurinsa. Kai kuma da kake kwaikwayon muryar mace so kake ya bar wurinsa ya taho nemanka, abin da bai saba yi ba ke nan, shi ya sa yawan kira ke ɓata farauta fiye da rashin iya kira.

1. Takardu da doka tukuna

Kowace jiha da nata tsarin. Kusan ko'ina sai ka yi kwas ɗin koyon farauta an ba ka shaida, sannan ka sayi lasisin farauta, sannan yawanci da takardar izinin talotalo daban. Lasisin ɗan jiha ba shi da tsada, amma in daga wata jihar ka zo kuɗin kan ninka sosai har ya kai ɗaruruwan dala a wasu wurare. Ranaku ma sun bambanta, Fulorida tun Maris suke buɗewa, Niyok kuma daga 1 zuwa 31 ga Mayu ne kuma harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa sha biyun rana kawai. A bazara namiji ake harbi, ko kuma dai tsuntsu mai gemu, wato gashin da ke lilo a ƙirji, kamar yadda dokar jihohi da yawa ta rubuta. Ka shiga shafin hukumar namun daji ta jiharka ka karanta littafin dokar wannan shekarar, ba na bara ba.

Gargaɗi: kiran da ake sakawa a waya ko a sifika haramun ne a farautar talotalo a mafi yawan jihohi, kar ka ce za ka kunna YouTube a daji, sai abin kiran da kake kaɗawa da hannu ko baki. Sannan ɗalibai da duk mai bizar wucin gadi ku kula sosai, dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga sai da wasu 'yan sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki, don haka lasisi kafin bindiga, kar a juya.

2. Abin kiran da za ka saya

In ka shiga shagunan Bass Pro Shops ko Cabela's ko ma Walmart a watan Maris za ka ga bango guda cike da abin kira, kar kanka ya ɗaure, iri uku ne ke aiki.

Na farko ɗan akwatin katako mai murfi, kana goga murfin a kan bakin akwatin sai ya ba da muryar mace. Shi ya fi sauƙin koyo kuma shi ya fi ƙara, ranar iska shi ke kai murya nesa. Dala 20 zuwa 40 ka samu mai kyau. Na biyu ɗan kasko ne mai faɗin tafin hannu, fuskarsa dutsen allo ko gilashi ko alminiyom, ana kaɗa shi da ɗan sanda kamar biro. Na dutsen allo ya fi daɗin murya a hankali, a ganina in abu ɗaya za ka saya to shi ka saya, kuɗinsa kusan ɗaya da akwatin. Na uku na baki, 'yar roba ce siririya a cikin ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake mannawa a ganɗa, dala 5 zuwa 15, shi ya fi arha kuma shi ya fi wahalar koyo, amma amfaninsa babba ne tunda hannayenka biyu na kan bindiga kana kira ba ka motsa ba. Sabon shiga ya sayi mai roba biyu marar yanka, masu roba uku ko huɗu da aka tsattsaga iska da yawa suke ci.

Ka ƙara da abin kukan mujiya da na hankaka, kowanne wajen dala 10 zuwa 20, zan faɗi aikinsu a gaba. Sai allin akwati, da ɗan samfefa ko koren soson wanke-wanke na goge allo, da matashin zama, da safar hannu da abin rufe fuska. Akwai abin kira na dala ɗari da ɗoriya da masu sana'ar hannu ke sassaƙawa, suna da kyau ba shakka, amma ba su kake buƙata a shekarar farko ba.

Gargaɗi: abin kwaikwayon gulu-gulun namiji ka bar shi a shago. A dajin gwamnati da kowa ke shiga, wanda zai fara amsa maka shi ne wani maharbin da bindiga a hannu yana laɓe yana tahowa.

3. Gyaran abin kira kafin ka fara

Da yawa suna cewa abin kiransu ba shi da kyau alhali gyara ne babu. Akwati, ka shafa alli a ƙarƙashin murfin inda yake gogar baki, allin da aka yi don shi, kar ka sa mai maiƙo ko kakin zuma a ciki don santsi zai sa. Kar ka goge bakin akwatin da samfefa, kar kuma ka yi ta murɗa kusar murfin, an riga an saita ta. In za ka sa shi a aljihu ka ɗaure murfin da roba, in ba haka ba duk takun da ka yi sai ya yi ƙiii a daji.

Kasko, ka goge fuskarsa ta gefe ɗaya kawai, dama zuwa hagu, ba zagaye ba, allo da soso, gilashi da samfefa mai kaushi ko dutsen da ake sayarwa don shi, sannan in za ka kaɗa sandan ya riƙa ratsa layukan da ka yi. Bakin sandan ma ka ɗan goge shi. Kar ka taɓa fuskar da yatsa, maiƙon hannu na kashe murya nan take. Na baki kuma in ka gama ka ɗauraye shi da ruwa, ka sa ɗan tsinken sakace a hankali tsakanin robobin kar su manne, ka bar shi ya bushe ka ajiye a firij. In ka bar shi gaban mota rana ta buga shi ya gama aiki.

4. Muryoyin da za ka koya

Nan ne aikin yake, kuma sati uku ko huɗu kafin a buɗe farauta ya kamata ka fara. Ka nemi bidiyon matan talotalo na gaskiya a daji ka yi ta saurare, ba na masu gasar kira ba, shafin ƙungiyar National Wild Turkey Federation na da muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Za ka lura muryar wasu matan a shaƙe take, wasu siririya, wasu ma kamar ba su iya ba, amma tazarar da ke tsakanin sauti da sauti ba ta canzawa sosai. Tazarar nan ita namiji ke saurare, in ka same ta ko muryarka ba ta yi zaƙi ba zai amsa.

Babban kira shi ne na neman aboki, kiii-yok kiii-yok kiii-yok, sauti ne mai gaɓa biyu, ya fara sama ya faɗo ƙasa, ana jera uku zuwa bakwai. A akwati ka riƙe gindinsa sako-sako kar ka damƙe gefunan, ka buɗe murfin kamar inci ɗaya ka jawo shi ya rufe ba tare da ka ɗaga ko ka danna ba, nauyin murfin ya isa. A kasko ka riƙe shi da kan yatsu ta gefe don ƙasansa ya samu iska, ka kama sandan kamar biro ka karkatar da kansa gaba, gefen hannunka ya jingina da bakin kaskon, ka zana 'yan ƙananan ƙwai kusa da gefe kuma kar ka ɗaga sandan daga kan allo. A na baki, buɗaɗɗen gefen ya kalli leɓe, ka manna shi a ganɗa da harshe yadda iska ba za ta wuce ta sama ba, ka turo iska daga ƙirji ba daga kumatu ba har ka samu siririn fito kiiii, sannan ka saki haɓa kamar za ka ce "cok". Ranakun farko zai yi maka ƙaiƙayi har da yunƙurin amai, kowa haka ya fara, in ya yi maka faɗi ka rage gefen tef ɗin da ke kewaye da ƙarfen kaɗan-kaɗan da almakashi. Cikin mota kan hanyar aiki ya fi ko'ina daɗin koyo.

Na biyu gajeren tuk, sau ɗaya ko biyu ko uku da tazara, ma'anarsa ga ni nan. A kasko ka ɗan danna sandan ka fizgo shi gajere, a akwati ka ɗan buga murfin ya tsallake baki. Na uku kurrrr a hankali, muryar macen da hankalinta ke kwance tana kiwo, ka ja sandan sannu ba nauyi ya riƙa ɗan tsalle-tsalle. Tuk da kurrr in ka haɗa su, su ne ke ƙarasa jawo namiji yadi ashirin ɗin ƙarshe, kuma su mutane suka fi rainawa saboda ba su da ƙara.

Na huɗu kiran zafi, tuk-tuk, tuk, tuk-tuk-tuk da ƙarfi da sauri ba tsari, na macen da ta ƙagu. Yana tayar da namijin da ya yi shiru, amma magani ne mai ƙarfi ba a sha kullum. Sai kyarkyarar saukowa daga bishiya, ita ma da sauri take farawa ta lafa a ƙarshe.

Gargaɗi: akwai wani sauti mai kama da tuk amma ya fi kaifi da tsauri, fut! fut!, shi ne kukan gargaɗinsu in sun ga abin tsoro. In tuk ɗinka ya yi kaifi shi kaɗai ba komai a bayansa, kana iya korar tsuntsun da kanka. Don haka ka riƙa bin sa da kurrr ko kiii-yok biyu masu taushi.

5. Nemo inda suka kwana

Talotalon daji a kan bishiya yake kwana, galibi manyan bishiyoyi a gefen tudu ko kusa da rafi. Kwanaki kafin buɗewa ka je da asuba ka tsaya a wuri mai tudu ka saurara kawai, ka duba sawu da kashi da gashin da ya zuba a gindin bishiyoyi da inda suka tona ganye. In da hali ka koma da yamma gab da magariba ranar jajibirin farautar, sau da yawa namiji kan yi kuka sau ɗaya ko biyu bayan ya hau, har ƙarar fukafukansa kana iya ji.

A nan mujiya da hankaka ke aiki. Namiji a wannan lokacin jininsa a sama yake, duk wata ƙara ta ba-zata sai ya amsa da gulu-gulu, ko tsawa ce ko ƙofar mota. To kukan mujiya da duhu-duhu, hu-hu-hu-huu, hu-hu-hu-huwaa, na hankaka kuma bayan gari ya waye, suna sa shi ya tona inda yake ba tare da ya ɗauka akwai mace ya fara tahowa kana tsaye a fili ba. Ka busa gajere ka yi tsit nan take, in ka ja da tsawo zai amsa kana cikin busa ba ka ji ba.

Gargaɗi: kar ka je kana gwada muryar mace a dajin da za ka yi farauta kafin a buɗe. Koya musu kake cewa muryar nan ba mace a bayanta.

6. Wurin zama

Wallahi wannan matakin ya fi iya kira muhimmanci. Ka isa da duhu, ba fitila in ka matso, ka tsaya kamar yadi 100 zuwa 150 daga bishiyar da yake, farkon bazara da ganye bai fito ba ka ƙara nisa tunda daga sama yana hango komai. Idonsa da kunnensa ba wasa, hanci ne kawai ba ya aiki da shi, don haka ba ruwanka da inda iska ke kaɗawa amma ɗan motsin hannu ya isa ya tashi farautar.

Ka duba abin da ke tsakaninka da shi. Rafi, shingen waya, kwazazzabo, sarƙaƙƙiya, duk da tsuntsu ne mai tashi zai zo bakinsu ya tsaya yana safa da marwa yana kuka awa guda bai tsallako ba. Ka zauna gefensa ɗaya da shi, a kan tudu ɗaya ko ka ɗan fi shi sama, jawo shi gangare ya fi wuya. Kuma ga wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba: kunnensa na gane daidai gindin bishiyar da murya ta fito, in ka zauna inda zai hango wurin daga yadi 80 ya ga ba mace, nan zai tsaya. Ka zauna inda ɗan tudu ko kwanar hanya ta kare ka, yadda duk lokacin da ya leƙo don ya duba ya riga ya shigo yadi 30 zuwa 40.

Bishiyar da za ka jingina ta fi kafaɗunka faɗi kuma ta fi kanka tsawo, wannan kariya ce daga harbin wani ta baya. Ka share ganyen da ke ƙarƙashinka, in da dama kake harbi ka juya kafaɗar hagu ta kalli inda kake sa ran fitowarsa, bindiga a kan gwiwa, kasko da sanda a gefen cinya.

Gargaɗi: kar ka sa ja, fari, shuɗi ko baƙi, ko da safa ce ko wuyan singileti ko hankici. Kan namiji ja da fari da shuɗi ne, jikinsa baƙi-baƙi. Sannan ka fesa wa kayanka maganin kaska tun a gida, bazara lokacinsu ne kuma suna ɗauke da cuta.

7. Kiran farko yana kan bishiya

Ka bari gari ya fara haske ƙananan tsuntsaye sun fara kuka. Sai ka yi kiii-yok uku ko huɗu a hankali ƙwarai, yadda kai kanka da kyar kake ji, kamar macen da ta farka yanzu. In ya amsa, shi ke nan ya san kana nan, ajiye abin kiran. Na san da wuya, yana ta gulu-gulu jikinka na rawa kana son ka sake ji ya amsa, amma duk amsar da ka ƙara ba shi ƙara zaunar da shi kake a kan reshe yana jiran ya ga mace ta taho gindin bishiya, kuma kukan nasa na jawo matan gaskiya da sauran maharba.

In lokacin saukarsu ya yi, kana iya yin kyarkyara tare da kaɗa hularka a cinya fat-fat-fat kamar fukafuki, da sharaɗin ba ya hango ka. Da ka ji ya dira, kukansa zai canza ya zama kamar daga nesa ko a toshe, to a nan ka ba shi jeri ɗaya mai ɗan ƙarfi ka saurara.

8. Karanta amsarsa

Daga nan babu lissafin sau nawa, tsuntsun ne zai gaya maka. In ya katse ka da kuka kana tsakiyar kira, ya kamu, rage kira ka ɗaga bindiga. In kukan na ƙara matsowa kar ka ce komai, mai tahowa ba a kiransa. In yana amsawa amma daga wuri ɗaya, yana kan dandalin taƙamarsa yana jiranka ne. In sai bayan wani lokaci yake amsawa kuma yana nisa, to da mata a tare da shi.

Wanda ya fi ruɗa sabon shiga shi ne wanda ya yi ta kuka sannan ɗif ya yi shiru. Mutum sai ya ce ya tafi, ya miƙe, sai ga tsuntsu a yadi 25 ya yi fut ya arce. Shirun nan sau da yawa tafiya yake yi zuwa wurinka, kuma tsofaffin maza da na dajin da aka dame su da kira haka suke zuwa ba sallama, wani lokacin ma ta baya. Ka duba agogo ka ba shi minti 30 zuwa 45 ba motsi. Ka kasa kunne da takun ganye, da wani sauti mai zurfi da yake yi in yana taƙama, tsss sannan vuuum a ƙasa-ƙasa kamar a ƙirjinka kake jinsa, in ka ji wannan to yana kusa ƙwarai ko ba ka gan shi ba.

9. In ya tsaya ya ƙi ƙarasowa

Ga shi can yadi 60 ko 70 yana baza bindi yana jan fukafukai a ƙasa, ya ƙi ƙara taku ɗaya. Abu na farko shiru, cikakken shiru na minti goma sha biyar ko fiye, ya fara tunanin ta tafi. In bai yi ba, kuma ba ya ganin hannunka, ka tona busasshen ganye da hannu, shaa, shaa-shaa, kamar mai kiwo, ka haɗa da kurrr ɗaya. In na baki kake amfani da shi ka kare bakin da hannu ka jefa muryar baya, ta zama kamar tana nisa. In ku biyu ne ya fi sauƙi, mai kira ya zauna yadi 20 zuwa 30 bayan mai harbi tun farko, ko ya ja da baya yana kira in tudu ya kare shi, amma ku yi magana tun kafin ku zauna kowa ya san inda ɗan uwansa yake. Canza murya ma na aiki, ka bar allo ka ɗauki akwati ya ji kamar wata macen ce ta zo.

In duk bai yi ba ka bar shi ya tafi don kansa, in ya ɓace ka zagaya ta nesa ka sake zama ta wani gefen, sau da yawa daga sabon wuri kira ɗaya ke kawo shi.

Gargaɗi, kuma wannan da gaske nake: kar ka laɓaɓa ka bi murya. Mu mun taso muna ganin maharba a gida suna ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe har su shiga cikin tsuntsaye, dabara ce mai kyau a can, amma a dajin Amurka lokacin talotalo muryar macen da kake bi ƙila mutum ne zaune da bindiga, kuma duk wanda ya rarrafo da bindin talotalo a gabansa ya mai da kansa abin harbi. Wasu jihohin ma sun haramta. In ka hango wani maharbi na tahowa kar ka ɗaga hannu kar ka yi kira, ka zauna yadda kake ka yi magana da babbar murya ta mutum.

10. In yana tare da mata, da kiran hantsi

Namijin da ke da mata a gabansa ba zai bar su don muryar da bai gani ba. Ka manta da shi ka koma kan uwar garken, wadda ta fi surutu. Duk abin da ta faɗa ka maimaita mata da ɗan ƙari, ka katse ta tana tsakiyar kira, nan ne kiran zafi ke da amfani, in ranta ya ɓaci sai ta taho neman mai yi mata rashin kunya shi kuma yana biye. Matsalar ita ce idanu sun yi yawa kuma ita za ta fara isowa, sai ka daskare har ta wuce.

In ba ta biye maka ba kar ka tafi gida. Mace kan yi ƙwai kusan ɗaya a rana har ta tara goma zuwa sha biyu kafin ta kwanta a kansu kwana 28, saboda haka da hantsi wajen tara zuwa sha ɗaya suna zamewa ɗaya-ɗaya su tafi sheƙa su bar shi shi kaɗai, a lokacin kuma yawancin maharba sun tafi karin kumallo. Namijin da ya amsa maka da ƙarfe goma ya fi na asuba saurin zuwa. Ka bi tsohuwar hanyar daji ko kan tudu a hankali, duk yadi 200 ko 300 ka tsaya, ka fara da hankaka, in shiru ka yi kiii-yok a hankali ko akwai na kusa, sannan ka ƙara ƙarfi da akwati. Kar ka taɓa kira sai ka riga ka ga bishiyar da za ka faɗa gindinta, don wani lokacin amsar daga yadi 70 za ta zo kuma a guje yake tahowa. Ranar iska ka sauka kwari inda ta lafa ka yi amfani da akwati ko gilashi. Ranar ruwa allo da akwatin da suka jiƙe ba sa magana, ka sa su a leda ka koma na baki, kuma ka nufi bakin gonaki da filaye don can suke fitowa.

11. Yadi arba'in na ƙarshe

Tun da ka zauna ka auna wasu bishiyoyi da ido ka san ina yadi 40 yake, kuma tun a gida ka gwada bindigarka a kan takarda a wannan nisan da irin harsashin da za ka yi amfani da shi ka ga yadda ƙwayoyin ke taruwa. Ya wuce nan ka ƙyale shi, raunata tsuntsu ya je ya mutu a sarƙaƙƙiya ba farauta ba ce. In kana buƙatar gyara bindiga ka jira kansa ya shiga bayan bishiya, ko ya juya yana taƙama bindinsa ya rufe masa ido.

Sai ka ga gemun da idonka, gashin nan da ke lilo a ƙirjinsa, kar ka harbi launi ko motsi ko ƙara. Saurayin bara gemunsa gajere ne kuma gashin tsakiyar bindinsa ya fi na gefe tsawo, babba kuwa bindinsa a daidaice yake da dogon gemu da ƙaimi, ka san wanda dokar jiharka ta yarda da shi. Ka duba bayansa ba wani tsuntsun ba mutum. Kar ka harbe shi yana cikin taƙama wuyansa a nannaɗe cikin gashi, ka yi tuk ɗaya mai ƙarfi da na baki, zai miƙe wuya ya duba, ka saita tsakiyar wuya inda fata ta haɗu da gashi, ka yi bisimilla ka harba.

Ka mayar da makullin da ke hana bindiga tashi kafin ka miƙe, ka isa wurinsa da sauri da wuƙarka mai kaifi, in ka tarar da sauran rai ka yanka, ka yi hankali da ƙaimin don yana shure-shure yana iya tsaga maka hannu. Ka cike takardar izinin ka ɗaura masa kafin ka ɗaga shi in haka jiharka ta ce, ka kai rahoto ta waya ko intanet cikin lokacin da aka ɗiba, sannan ka naɗe shi da kyalle mai launin ruwan lemo mai haske ko ka cusa shi cikin jaka gaba ɗaya har kai da bindi kafin ka saɓa shi ka fito daga daji.